Yaran Kance a Sansanin Tamanrasset

Tamanrasset birni ne na Abzinawa a kudancin Aljeriya, amma an daɗe ana jin Hausa a kasuwanninsa saboda 'yan ci-rani daga Nijar. Mata da yawa daga yankin Kance, a jihar Damagaram, sun riƙa bi ta nan da ƙananan yara, nasu ko na dangi, domin yin bara a biranen arewa. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada gaba da Arlit, 52 daga ciki yara ne. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

Daga bisani ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya, aka fara mayar da mutane gida a Disamban 2014. A sansanin Tamanrasset aka riƙa tara su, ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar tana ciyar da su tana duba lafiyarsu, sannan a kwashe su a motoci ta Assamaka zuwa Agadas.

To, amma kulawar sansani ta 'yan kwanaki ce. Yaron da ya daɗe yana bara karatu ya riga ya wuce shi, wani ma ya ga mutuwa da idonsa, kuma wannan ciwo ba ya bayyana a awon likita. Hukumomin IOM da UNICEF sun taimaka wajen sada yara da iyayensu. Sai dai gonakin Kance ba su ƙaru ba, jama'a kuwa sun yi yawa. Shi ya sa wasu daga cikin waɗanda aka dawo da su suka sake kama hanyar arewa.