Yadda Aka Auna Zafin Abin da Ba Ya Shiga Tukunya

Da na soma karanta tarihin ilmin sinadarai, tambaya guda ta ɗaure mini kai: yaya ake auna zafin abin da hannu ba ya kamawa?

A 1783 Lavoisier da Laplace na Faransa suka bayyana wata na'ura mai auna zafi da yawan ƙanƙarar da ya narkar. Da ita suka auna ƙunar gawayi, har da ɗumin jikin dabba. To, amma ƙwayar zarra da ta rasa ilektiron, watau ayon, cikin iskar gas take yawo, ba ta tsayawa balle a zuba ta a mazubi.

Germain Hess ya share hanya a Rasha a 1840. Ya nuna cewa zafin da sauyin sinadari ke fitarwa ɗaya ne, ko ta wace hanya aka bi. Bayan Aston ya ƙera na'urar rarrabe ayon bisa nauyi a Ingila a 1919, masana suka riƙa auna ƙarfin da ke fizge ilektiron, sa'an nan su lissafa sauran da dokar Hess.

A ganina, Hess ne ya cancanci babban yabo, domin lissafinsa ya isa inda na'urar ƙanƙara ta kasa.