Tafiyar Minti Shida

A da wanda ciwon zuciya ya kayar, kwantar da shi ake yi har sati 6. Daga baya aka gane doguwar kwanciya ƙara raunana shi take. To in ya tashi, yaya za a san sauƙi na samuwa?

A 1976, a Edinbura, aka fara awon masu ciwon huhu da tafiyar minti 12. A 1982 aka rage zuwa minti 6. A 1985 likita Guyatt na Kanada ya gwada wa masu ciwon zuciya.

Agogo da fili mai mita 30 sun isa. Majinyaci ya yi ta kai da kawowa, a ƙirga mita. In sun ƙaru wani wata, yana samun sauƙi.

Kai da ke Tasawa ko Mayahi, in zuwa rijiya ya fara sa ka haki, ƙafa na kumbura, je gidan likita.