Sabuwar kwamfutar wasanni ta ƙi tashi: yadda ake gane ko laifin RAM ne

RAM ita ce ƙwaƙwalwar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa. Da an ɗauke mata wuta sai ta manta komai. A shagunan Yamai, Garwa ko Njamena an fi saninta da sunan Faransanci, mémoire vive, kowace sanda guda kuma barrette. Ga wanda ya sayi kayan kwamfutar wasanni ɗai-ɗai ya harhaɗa da hannunsa, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan matsala: a danna maɓalli, fankoki su juya, fitilu su kama, amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Ko dai sandar ba ta zauna ba, ko ba ta dace da babban allo ba, wato carte mère, ko kuwa an tilasta mata gudun da furosesa ba za ta ɗauka ba. Rarrabe waɗannan yana da amfani ƙwarai ga wanda aka aiko wa kaya daga Dubai, Sin ko Faransa, domin mayar da su ba ƙaramin aiki ba ne.

Wace RAM ce ke shiga wane allo

Iri biyu ke yawo a sababbin kwamfutoci, DDR4 da DDR5. Kowace tana da haƙora 288, tsawonsu ɗaya, amma giɓin da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya yake ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Wanda ya danna da ƙarfin tsiya zai karya gurbin ne kawai. Allunan AMD masu mazaunin AM4 DDR4 kaɗai suke ɗauka, na AM5 da suka fito a 2022 kuma DDR5 kaɗai. Wajen Intel ne ake yawan rikicewa: furosesa ta zubi na 12, 13 da 14 tana aiki da kowanne, amma kusan kowane allo na LGA1700 iri ɗaya tak aka ƙera shi ya ɗauka. Sai a karanta cikakken sunan allon a kwali, saboda allo biyu kan yi kusan suna ɗaya, bambancinsu bai wuce "D4" ko "DDR4" a ƙarshe ba.

A kasuwar kayan hannu akwai wani tarko. Ana samun sanduna masu babban ma'auni a farashi mai rahusa waɗanda aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, ana rubuta musu RDIMM ko Registered. Suna iya zama daram a gurbi, amma allon gida ba zai tashi da su ba. Ta tebur UDIMM ce. Gajeriyar nan ta laftof, SO-DIMM, ita ko shiga ba ta yi.

Abin da fitilu ke faɗa

Da an kunna kwamfuta, kafin Windows ya shigo, BIOS yakan bincika kayan ɗaya bayan ɗaya. Yawancin alluna na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA da BOOT. Inda fitila ta tsaya, nan binciken ya maƙale. A allunan da ke nuna lamba, 55 na nufin BIOS bai ga RAM ba sam.

Sai dai tsayawar fitilar DRAM a kunnawar farko ba lalle matsala ba ce. Allon yakan gwada sandunan don ya daidaita lokutan aika saƙo tsakaninsu da furosesa, kuma da DDR5, musamman a kan AM5, wannan kan ci mintoci, wani lokaci har na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Yawan RAM, yawan jira. Mutane da dama kan zare waya bayan daƙiƙa talatin, su mayar da aikin baya. Kyawunta a ba ta minti biyar zuwa goma kafin a taɓa komai.

In fitilar VGA ce ta tsaya, ko babu wadda ta tsaya amma ba hoto, RAM ta fita daga zargi. A duba ko wayar sikirin a katin hoto aka soka ta, ba a jikin allo ba. Furosesa irin su Ryzen 5 5600 da na Intel masu harafin F ba su da sashen hoto a cikinsu. Fitilar CPU kuwa sau tari wayar wuta ce mai baki 8 ta saman allo aka manta.

Gwaji da sanda ɗaya

In an jira kuma fitilar DRAM ba ta gusa ba, sai a kashe, a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki kan tara wutar da ke iya lalata kaya, don haka a fara taɓa ƙarfen akwatin, a riƙa kama sanda ta gefe.

A cire duka, a mayar da guda ɗaya a gurbi na biyu daga furosesa, wanda galibi aka rubuta wa A2. A danna gefe da gefe har maƙallin ya rufe da kansa, a ji "ƙas". Akwai allunan da maƙallinsu gefe ɗaya ne, kuma ɗaya gefen ne ke yawan zama a ɗage ba a lura ba. In ta tashi, a gwada ta biyun ita kaɗai a gurbin nan. Sanda ɗaya ta ƙi a inda ƴar'uwarta ta yi, to ita ce mai laifi. In kuwa kowace ta yi aiki a A2 amma duk sun ƙi a B2, matsalar ba tasu ba ce. Mai sarrafa RAM a cikin furosesa yake, shi ya sa allura guda da ta lanƙwashe a mazaunin furosesa, ko na'urar sanyaya da aka ɗaure da sukurori fiye da kima, kan kashe layi guda ɗungurungum. Sanduna biyu a allo mai gurbi huɗu, wurinsu A2 da B2 ne a mafi yawan alluna, ba kusa da juna ba. Littafin allon zai tabbatar.

Sandar da ta daɗe a shago cikin ƙura, a goge haƙoranta da ƙyalle mai tsabta da ɗan alkol na isopropil, a bari ta bushe.

Gudun da aka rubuta a kwali

Nan ne aka fi jin an cuci mutum. An sayi DDR5-6000, BIOS ya nuna 4800. An sayi DDR4-3200, ya nuna 2133 ko 2400. Ba jabu ba ce. Kowace sanda tana farawa da gudun ƙa'ida na hukumar JEDEC, lambar kwalin kuma sai an kunna wani saiti a BIOS, XMP a tsarin Intel, EXPO a na AMD. Wannan saitin ƙarin gudu ne da ƙarin wuta, sau da yawa zuwa volt 1.35, alhali ƙa'idar DDR4 1.2 ce, ta DDR5 1.1. Ba kowace furosesa ke jure shi ba, kuma kamfanin furosesa bai yi alkawarinsa ba. AMD, alal misali, 5200 ya lamunce wa Ryzen 7000 da sanda biyu, da sanda huɗu kuma 3600 kacal. Saboda haka mai son gigabayit 32, gara ya sayi 16 biyu a kwali ɗaya da ya cike gurabu huɗu da 8. Ko kwali biyu masu suna ɗaya na iya zuwa da kayan ciki daban, wannan na Samsung, wancan na SK hynix ko Micron, su ƙi jituwa.

In kwamfuta ta daina tashi bayan an kunna XMP ko EXPO, sai a share saitin BIOS: a zare wuta, a danna maɓallin Clear CMOS in akwai, ko a cire batir ɗin nan mai kamar kwabo, CR2032, na ƴan mintoci. Daga nan a sake gwadawa da ƙasa da gudun, 5600 a madadin 6000. A cikin wasa da wuya ido ya ga bambancin.

Sabunta BIOS kan warware rashin jituwa da yawa, wani lokaci ma dole ne: allunan B450 na tsohon zubi ba sa tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta su. A 2023, bayan rahotannin ƙonewar wasu furosesa na Ryzen 7000X3D, AMD ya fitar da gyaran da ya taƙaita wutar sashen SoC a volt 1.3, kuma ta BIOS gyaran yake zuwa. Wasu alluna na karɓar sabon BIOS daga kile USB ko ba furosesa a kai; ASUS na kiran hanyar BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a soma sai an haɗa na'urar da onduleur, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin allon a mace.

Tashi kaɗai bai isa shaida ba. RAM mai tangal-tangal kan buɗe Windows lafiya, sai wasa ya yi nisa, akwatin ya ɗauki zafi, ta rufe shi ko ta kawo shuɗin sikirin. Manhajar MemTest86 ko Memtest86+, da ake tayarwa daga kile USB, ita ke tona wannan. A bar ta ta zagaya sau huɗu, ko ta kwana tana yi. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, a kashe XMP a maimaita. In ya ɓace, gudun ne ya yi yawa. In ya sake fitowa a gudun ƙa'ida da sanda ɗaya a gurbin da aka tabbatar yana aiki, sai a ɗauki hoton sikirin, a tafi da shi da sandar da rasit wurin mai shago.