Jita mai ƙarin tsirkiya

Jita mai ƙarin tsirkiya wani nau'in jita ne da yake da tsirkiya fiye da shida da aka saba gani, galibi bakwai ko takwas, wani lokaci tara ko goma. Yawancin tsirkiyoyin da ake ƙarawa masu kauri ne, domin jitar ta fitar da murya mai kauri wadda jita ta yau da kullum ba ta iya kaiwa. Ta bambanta da jita mai tsirkiya goma sha biyu, wadda tsirkiya shida ne aka jera bibbiyu: sautinta ya fi cika, amma muryarta ba ta fi kauri ba.

Tarihi

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 ake kaɗa jita mai tsirkiya bakwai a Rasha, kuma makaɗi Andrei Sychra na cikin waɗanda suka yaɗa ta. A Barazil ana amfani da ita a kiɗan choro da samba, inda makaɗin ke bin waƙa da muryoyi masu kauri. Wanda ya fi shahara da ita a can shi ne Horondino José da Silva (1918–2006), da aka fi sani da Dino Sete Cordas, wato Dino mai tsirkiya bakwai.

A Amurka, kamfanin Epiphone ya ƙera wa makaɗin jaz George Van Eps jita mai tsirkiya bakwai a shekarar 1938. A Sifaniya kuma, Narciso Yepes ya fara fita da jita mai tsirkiya goma a 1964, wadda José Ramírez na uku ya ƙera masa.

Jitar lantarki mai tsirkiya bakwai ta bazu ne bayan 1990, lokacin da kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da samfurin Universe tare da Steve Vai. Ƙungiyar Korn ta yi amfani da ita a kundinta na farko a 1994, daga baya ƙungiyar Meshuggah ta Suwidin ta koma mai tsirkiya takwas. Cikin fitattun makaɗanta na yanzu akwai Tosin Abasi na ƙungiyar Animals as Leaders, wanda aka haifa a birnin Washington a 1983, kuma iyayensa 'yan Najeriya ne.

Yadda ake saita ta

Ana ƙirga tsirkiyoyin jita daga siririya zuwa mai kauri. A jita mai shida, idan aka faro daga mai kauri, saitin shi ne E, A, D, G, B, E. Tsirkiya ta shida tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Ta bakwai ana saita ta a B, kusan sau 62, ta takwas kuma a F#, kusan sau 46. Wannan ya kusa da tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai huɗu, wadda take kaɗawa sau 41.

Ba kowa ke bin wannan saitin ba. Van Eps yana sauke ta bakwai zuwa A, makaɗan Barazil da yawa suna sa ta a C, Abasi kuma yakan sauke ta takwas zuwa E. Na Rasha tsarinsu daban ne baki ɗaya: D, G, B, D, G, B, D.

Mai koyo zai iya saitawa da kunne. Idan ya danne tsirkiya ta bakwai a layin ƙarfe na biyar da ke kan wuyan jita, muryarta za ta zo daidai da ta shida a sake. Haka ma ta takwas da ta bakwai.

Matsalar tsirkiya mai sako-sako

Abu uku ne ke sa muryar tsirkiya ta yi kauri ko ta sirance: tsawonta, nauyinta da ƙarfin ɗaurinta. Masanin Faransa Marin Mersenne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1636. Idan aka sassauta tsirkiya kawai don muryarta ta yi kauri, sai ta yi sako-sako, tana taɓa layukan ƙarfe tana ƙara, kuma muryar tana hawa a duk lokacin da aka buga ta da ƙarfi.

Maƙera suna magance wannan ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙara kauri: tsirkiya ta shida kan kai kimanin milimita 1.2, ta takwas kuma kusan milimita 2. Ta biyu ita ce ƙara tsawo. A jitar lantarki da yawa tsawon tsirkiya milimita 648 ne, a mai takwas kuwa yakan kai 686 ko fiye. Wasu jitocin ana karkata layukan ƙarfensu kamar mafici, ta yadda tsirkiyoyi masu kauri za su fi sirara tsawo.

Bayan canza tsirkiya ana gwada ta a layi na 12, wato tsakiyarta. Idan muryar ta haura yadda ya kamata, sai a ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya kaɗan. Da yake yawan tsirkiya yana ƙara jan wuyan jita, kuma bushewar iska irin ta hunturu tana sa katako ya motsa, ana buƙatar sake duba saitin idan yanayi ya sauya.

Yadda ake kaɗa ta

Wuyanta ya fi faɗi, don haka yatsu sai sun ƙara miƙewa. Babban aikin mai koyo shi ne hana tsirkiyoyin da ba ya bugawa yin amo, ta hanyar ɗora gefen tafin hannu a kansu. Wasu makaɗa, irin su Abasi, suna buga masu kaurin da babban yatsa kamar yadda makaɗan bes ke yi. Amfaninta ga mai kiɗa shi kaɗai shi ne ya haɗa amon ƙasa da karin waƙa a lokaci guda. A cikin ƙungiya kuwa dole ya daidaita da mai bes, don kada muryoyinsu su cakuɗe.

Kwatanci da kayan kiɗan Hausa

Kayan kiɗan tsirkiya na Hausa ba su da tsirkiya da yawa. Goge da kuntigi ɗaya gare su, garaya biyu, molo kuma yawanci uku. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna. A molo da garaya ana ɗaure tsirkiya da zoben fata a jikin sanda, makaɗi ya tura zoben sama ko ƙasa har muryar ta zauna. Yin haka yana sauya tsawo da ɗauri a tare, wato abubuwan da maƙeran jita mai ƙarin tsirkiya suke lissafi da su.