Yadda Aka Bi Sawun Kifi-maciji Har Tekun Sargaso

A cikin kogunan Turai da na Afirka ta Arewa, har da Kogin Nilu, akwai wani kifi dogo mai santsi, wanda Turawan Ingila ke kira il. Ba shi da suna a Hausa, domin kuwa babu shi a Kwara, ko Binuwai, ko Tafkin Chadi, saboda haka a wannan takarda za mu kira shi kifi-maciji. Kada mai karatu ya zaci gaiwa mu ke nufi. Ita dabam, shi dabam.

Abin da ya ɗaure wa mutanen dā kai shi ne, ba wanda ya taɓa ganin ƙwansa. Masunta dai sun san in sanyi ya ƙarato manyan su kan gangara teku cikin duhun dare, ba su komowa, in kuma sanyi ya fara wucewa sai a ga waɗansu ƙanana, garau kamar gilashi, suna hawowa daga bakin teku. Aristotal, malamin Yunanawa, ya ce daga taɓo su ke fitowa. Sai a shekarar 1777 Carlo Mondini ya gano ma'ajiyar ƙwai a cikin ta macen. A 1876 kuwa wani ɗalibi ya feɗe wajen 400 a garin Trieste yana neman gaɓar haihuwar namijin, bai sami abin da ya gamsar da shi ba. Ɗalibin nan shi ne Sigmund Freud, wanda daga baya ya shahara wajen binciken hankalin ɗan Adam.

Ashe tun 1856 amsar ta fara shiga hannun masana, ba su gane ba. A shekarar nan Johann Kaup ya siffanta wani ɗan kifi na mashigin Messina a Italiya, shimfiɗaɗɗe kamar ganyen darbejiya, ya ba shi suna a kan wani iri ne mai zaman kansa. A 1896 Grassi da Calandruccio suka nuna cewa ɗan ganyen nan shi ne ke rikiɗa ya zama kifi-maciji. Suka ɗauka a cikin zurfin Bahar Rum a ke haifarsa.

To, a 1904 wani saurayi mutumin Danmak, Johannes Schmidt, yana cikin jirgin bincike mai suna Thor, sai komarsa ta kamo irin ɗan ganyen nan yamma da tsibiran Faro, can arewacin Tekun Atlantika, nesa ƙwarai da Bahar Rum. Tsawonsa ya haura santimita 7, watau ya riga ya girma. Dabarar da ta zo masa ita ce ginshiƙin wannan tarihi duka. Kifi ba ya barin sawu a ruwa, amma ɗan da igiyar teku ke ɗauke da shi yana tafe yana girma. Ashe ke nan tsawonsa shi ne sawunsa: duk inda aka kama ƙanana, an fi kusa da mahaifa. Sai ya shiga bin sawun da baya da baya, yana jefa koma, yana awo, yana sa alama a taswira.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Ya roƙi jiragen 'yan kasuwa masu ƙetare Atlantika su riƙa ja masa koma a hanya. A 1913 jirginsa Margrethe ya daki dutse a tsibiran Karibiyan ya lalace, Allah dai ya sa aka tsirar da samfuran. Yaƙin Duniya na Farko ya tsai da aikin. Ga kuma wata wahala: akwai ɗan'uwan kifin nan na Amurka, 'ya'yansu kuwa a cakuɗe su ke, ba a rarrabe su sai an ƙidaya gaɓoɓin baya, na Turai wajen 115, na Amurka wajen 107. Haka aka bi dubbai ana ƙidayawa ɗaya ɗaya. Daga 1920 zuwa 1922 ya koma da jirgi mai suna Dana, har ya kai inda 'ya'yan ba su cika santimita ɗaya ba, watau Tekun Sargaso, wani yanki na Atlantika kudu da Bamuda, fiye da kilomita 5,000 daga Turai. A 1923 aka buga bayaninsa. Daga can igiyar teku ke kwasar 'ya'yan ta yi arewa da gabas da su, ba ta biyo da su gaɓar Gini, shi ya sa masuntanmu ba su san kifin ba.

Amma fa hujjar tana da gurbi, gama har Schmidt ya rasu a 1933 bai kama babba ko ƙwai a can ba. A 1959 Denys Tucker ya shiga ta gurbin nan, ya ce na Turai ba su iya wannan doguwar tafiya, mutuwa su ke yi a hanya, 'ya'yan da ke isa Turai kuwa na Amurka ne, zafin ruwa ne ya sāke musu yawan gaɓoɓi. A ganinmu maganar ba ta wauta ba ce, tun da kifin ba ya cin kome bayan ya shiga teku. Binciken ƙwayoyin gado ne ya rushe ta daga baya, da ya tabbatar iri biyu ne.

Bin babban kifin kansa bai yiwu ba sai da aka ƙera wata 'yar na'ura wadda a ke ɗaura masa a baya. Ita ke rubuta zurfi da zafin ruwa, in wa'adinta ya cika ta saki, ta taso sama, ta aika da labari ta tauraron ɗan Adam. A 2006 aka saki 22 daga Ailan, aka bi waɗansu har kilomita 1,300, aka kuwa ga abin da koma ba ta iya nunawa: da dare suna tafiya a zurfin mita 200 zuwa 300, gari na wayewa su nitsa zuwa 600 har 1,000. A waɗansu gwaje-gwajen na'urar ta kan nuna zafi ya tashi farat ɗaya, alamar wani babban abu ya haɗiye kifin har da ita. Da aka lura hanyoyin suna haɗuwa wajen tsibiran Azores, sai a 2018 da 2019 aka ɗaura wa 26 a can. Rahoton 2022 ya nuna biyar sun shiga Sargaso, ɗaya har cikin yankin da a ke zaton nan ne mahaifa, suna cin kilomita 3 zuwa 12 a yini. Shekara 99 ke nan bayan bayanin Schmidt. Na'urar ba ta kawo sabon wuri ba, shaida ta yi wa mai koma da ma'auni. Har wa yau kuwa ba a sami ƙwan na Turai a can ba, alhali na Japan an same shi a 2009 kusa da tsibiran Mariyana.

Tun wajen 1980 yawan ƙananan da ke isa Turai ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Madatsun ruwa suna tare masu hawa, injunan lantarki suna yanka masu gangara. A 2008 aka sa shi cikin halittun da ke bakin ƙarewa, a 2010 Tarayyar Turai ta hana fitar da shi waje, duk da haka ana kama masu fasa-ƙwaurinsa cikin akwatunan tafiya zuwa Asiya. Dalili kuwa, duk wanda a ke kiwo a gidajen kifi na Turai ɗan Sargaso ne, a bakin kogi aka kamo shi.