Umaru Ganda: Ɗan Dako a Abijan, Zuciya a Yamai

Ya kai mai karatu, in an kai hatsi rumbu, samari nawa ke ɗaukar jaka su bar garinku? Watakila kai ma ka taɓa tafiya. In haka ne, ka san yadda mutum ke aiki a ƙasar wasu, hannu na ɗaukar kaya, zuciya kuwa tana gida. Wanga abu ba yau ya fara ba. Ga labarin wani ɗan Nijar da ya ɗanɗana shi, har ya nuna wa duniya.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935. Bazabarme ne. Ya yi lakwal na farko, sa'an nan a 1951 ya shiga sojan Faransa, yana da shekara 16. Ka duba yaron gidanka mai shekara 16. Kamarsa ne aka sa cikin jirgin ruwa aka kai Indoshin, inda ƙasar Biyetnam take yanzu. Mutanen can suna yaƙi ne don su kori Faransa daga ƙasarsu. Me ya haɗa ɗan Yamai da su? Ba su ci gonar ubansa ba, ba su kore masa dabba ba. Aikinsa na fari ke nan, yaƙin da ba nasa ba. A 1954 aka ci Faransa a Diyen Biyen Fu, a 1955 Umaru ya bar soja.

Ya komo gida, babu aiki. Sai ya bi sawun sauran samari, ya nufi Kwaddibuwa.

A lokacin nan Abijan na ta bunƙasa. A 1950 aka gama haƙa hanyar ruwa ta Biridi, wadda ta haɗa tafkin birnin da teku, manyan jirage suka samu shiga. Ana fitar da gahawa da koko da itace. Jirgi kuwa ba ya loda kansa, sai da wuyan mutum. Baƙi daga arewa suka cika unguwar Tireshibil, Umaru na cikinsu. Da sassafe a tsaya bakin tashar jirage a jira. In an ɗauke ka, ka yini kana dakon buhu. In ba a ɗauke ka ba, ka koma hannu wofi, ga kuɗin ɗaki, ga ciki.

Can ya gamu da wani Bafaranshe, Jan Rush, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 wajen aikin hanyoyi. Shi Rush yana binciken 'yan Nijar masu zuwa cin rani bakin teku. Ya ɗauki Umaru ya taya shi bincike. Daga nan suka yi silima a 1957, mai suna "Moi, un Noir", wato "Ni, Baƙin Mutum".

Yadda aka yi silimar abin a tsaya a kai ne. An ɗauki hotuna babu murya. Daga baya aka nuna wa Umaru su, yana kallo yana faɗin abin da ke ransa, ba wanda ya rubuta masa. Saboda haka maganar da ake ji tasa ce. Yana kukan nauyin buhu da ƙarancin lada. Yana cewa ya yi yaƙi, bai samu kome ba. Ranar aiki jikinsa kaɗai ke tashar jirage. Ba ya farfaɗowa sai Asabar da Lahadi, wajen wanka a bakin teku, da kallon dambe, da rawa. Litinin ta zo, buhu na jiransa.

Ko sunansa ma ya ajiye. A cikin silimar ana ce masa Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka. Wasu abokansa ma sun ari sunayen 'yan silima. Yana mafarkin ya zama zakaran dambe na duniya. Wasu za su ce shirmen yara ne. Ni ban ga haka ba. Wanda ba a san ubansa ba, ba a san garinsu ba, ana ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga buhu, dole ya nemi sunan da zai sa a dube shi.

Wajen ƙarshe sai tunanin gida ya taso masa. Aka nuna yara suna iyo a kogin Kwara, yana ba da labarin ƙuruciyarsa a Yamai. Abijan ma akwai ruwa, har ya fi na Yamai yawa. Amma ba shi ne ruwan da ya yi wasa ciki ba.

Silimar ta ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958. Umaru kuwa ya komo Yamai, ya koyi aikin silima a gidan al'adu na Faransa da Nijar. Kada ka zaci komawa gida abu ne mai sauƙi. Silimarsa ta fari, "Cabascabo", ta 1968, da Zabarmanci aka yi ta, shi da kansa ya fito a ciki. Labarin tsohon soja ne da ya komo daga Indoshin da kuɗi. Abokai da maroƙa suka kewaye shi. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse, shi kuwa ya nufi gona. An nuna ta a birnin Kan na Faransa a 1969.

A 1972 silimarsa "Le Wazzou polygame", mai magana kan auren dole da kishiya, ta ci babbar kyautar bikin silima na FESPACO a Wagadugu. Shi ne mutum na farko da ya ci ta. Ta ƙarshe, a 1980, sunanta "L'Exilé", wato wanda aka raba da ƙasarsa.

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. An sa sunansa ga wani babban gidan al'adu a Yamai, an kuma sa shi ga kyautar da FESPACO ke bai wa wanda silimarsa ta fari ta fi kyau.