Fashin wuta a silindar inji: gano shi da gyara shi

Mai karatu, idan motarka ta soma rawa alhali tana tsaye, ƙarfinta ya ragu a kan hawa, shan esansi ya ƙaru, kuma kana jin sautin bututun hayaƙi yana yankewa, sau da yawa silinda ɗaya ce ta daina ƙona mai. Ƙananan motoci da yawa da ke bisa hanyoyinmu, kamar Toyota Corolla da Peugeot 504, silinda huɗu gare su, suna kamawa bi da bi cikin jerin 1-3-4-2. In ɗaya ta yi fashi, sauran ukun ne ke ɗauke da nauyinta.

Kowace silinda tana bukatar abu uku kafin ta yi aiki: tartsatsin wuta daga buji, da mai haɗe da iska daidai gwargwado, da matsi isasshe. Duk wani fashi yana komawa ne ga ɗaya daga cikinsu. Amma kafin ka tambayi wanne ne ya ɓaci, wajibi ne ka san silindar da ke fashin. Mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki, su sayi kaya bisa zato, kuɗi ya tafi, mota kuwa tana nan yadda take.

Motocin da aka ƙera domin Amurka tun daga 1996, da masu esansi na Turai tun daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa na nufin fashin ba ya tsayawa a silinda guda. In fitilar inji da ke gaban direba tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, ka rage gudu, ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi, yana iya narkar da cikinta, ita kuwa tana da tsada.

In babu na'ura, sai ka bar inji yana aiki a hankali, ka kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar mota, ana cire wayar buji da kayan aiki mai hannun roba, domin wutar da ke cikinta takan wuce bolt 20,000. A mota mai injekta, ya fi kyau ka cire jonin wutar injektar. Silindar da ka kashe inji ya ƙara rawa, lafiyarta lau. Wadda ka kashe ba abin da ya sake, ita ce mai laifin.

Daga nan sai ka bar inji ya huce, ka kwance bujinta, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira fulogi. Kada ka yi gaggawar jefar da shi, domin bakinsa na ba da labarin abin da ke gudana a ciki. Launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka alamar lafiya ce. Baƙin gawayi busasshe na nuna mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu abin da za ka fara dubawa shi ne matatar iska, wadda ƙura ke toshewa da wuri. Baƙi mai maiƙo na nuna man inji na hawowa cikin silinda. Fari fat na nuna ƙarancin mai ko zafi fiye da kima. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, alhali ƴan'uwansa na da datti, a yi zargin ruwan sanyaya inji na shiga. Ka auna tazarar bakinsa kuma: a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, amma littafin motarka ne mai yanke hukunci.

Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce musaya, don ba ta cin ko dala. Ka ɗauke bujin silindar da ke fashi ka sa shi a wata, ka kawo na waccan nan. In fashin ya bi bujin, magana ta ƙare. In bai bi ba, sai ka yi haka da bobin, a motar da kowace silinda ke da nata, sannan da injekta. Wayoyin buji kuwa, ka dube su da dare inji na aiki. Wadda ta tsage za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga jikinta.

Injekta mai aiki tana ƙara ƙas-ƙas a kai a kai, kana iya jin ta in ka ɗora bakin dogon sukundireba a kanta, ka kara kunne a ƙotar. Fashin da ya soma jim kaɗan bayan ka sha man kwalba na bakin hanya, kuma yake yawo daga silinda zuwa silinda, ruwa ko ƙasa ne cikin man: a zubar da shi, a sake matatar mai. Tiyon iska da ya tsage shi ma yakan sa fashi, musamman in mota na tsaye.

In wuta da mai duk sun tabbata, saura matsi, kuma wannan aikin mai gareji ne da ma'auninsa. Bambanci tsakanin silinda da silinda bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na man inji a sake aunawa. Matsin ya tashi, zobban fistan ne suka cinye. Bai tashi ba, a dubi bawul-bawul. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, galibi shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ce ta ƙone.

Injin gazuwal ba shi da bujin tartsatsi. A tsohon samfuri, masu gyara kan sassauta notin bututun injekta ɗaya bayan ɗaya don gano silindar. Kada ka yarda a yi haka ga sabon samfuri mai aiki da kwamfuta, domin matsin mansa yakan wuce bar 1,500, kuma yana iya huda fatar mutum.